Karatun Mu'amalar Mutum da Kwamfuta a Jami'a: Daga Neman Gurbi Zuwa Aikin Kammalawa

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin saman Amurka sun yi ta fama da wata matsala da ta ɗaure musu kai. Matuƙan jirgin yaƙi samfurin B-17 sukan je fagen daga su dawo lafiya, sai wajen sauka su naɗe ƙafafun jirgin, ya kife da cikinsa a kan titi. Rahoto kullum iri ɗaya ne: kuskuren matuƙi. Da wani matashin masanin halayyar ɗan adam, Alphonse Chapanis, ya shiga ɗakin tuƙin, sai ya tarar makunnin ƙafafu da makunnin fiffiken rage gudu suna dab da juna, kamarsu ɗaya sak. Mutum a gajiye, idonsa na kan titi, hannunsa na lalube, dole wata rana ya taɓa wanda bai yi niyya ba. Chapanis ya sa aka manna 'yar tayar roba a kan na ƙafafu, aka sa wani abu mai siffar fiffike a kan ɗayan. Daga nan hannu ya riƙa gane bambanci ba sai ido ya duba ba, irin wannan hatsarin kuma ya kau.

Ba a sauya matuƙan ba, ba a kuma yi musu faɗa ba. Abin da ke gabansu aka gyara. Wannan tunani shi ne ƙashin bayan fannin da ake kira mu'amalar mutum da kwamfuta, wanda a takardun jami'a za ka ga an taƙaita sunansa da HCI: idan mutane da yawa suna tuntuɓe a wuri guda, a binciki wurin kafin a zargi mutanen. Mai son karanta fannin ya sani tun yanzu cewa ƙawata allo ɗan ɓangare ne ƙarami na abin da zai koya. Babban aikin shi ne kallon mutane suna aiki da na'ura, gano inda suke shan wuya, ƙera mafita, sannan kawo hujjar cewa mafitar ta yi aiki.

Da farko, nemo inda fannin ya ɓuya

Jami'o'i ƙalilan ne ke da digiri na farko mai wannan suna ƙarara. Galibi fannin yana zaune ne a cikin wani sashe: kimiyyar kwamfuta, kimiyyar bayanai, ilimin halayyar ɗan adam, ko tsangayar zane da ƙirar kayayyaki. Inda ya zauna kuwa shi ke nuna irin ɗalibin da za a yaye. Sashen kwamfuta zai cika ka da rubuta manhaja da lissafi. Sashen halayyar ɗan adam zai goge ka a kan tsara gwaji da ƙididdiga. Makarantar zane za ta sa ka yini a sutudiyo kana zana samfuri, malamai da 'yan aji suna tsefe aikinka a gabanka. A digiri na biyu ne aka fi samun kwas mai zaman kansa. Jami'ar Carnegie Mellon da ke Pittsburgh a Amurka tana da cibiya sukutum ta wannan fanni, haka ma UCL da ke Landan. Georgia Tech da Jami'ar Washington da Jami'ar Fasaha ta Delft a Holan duk sun yi suna a kai. A Afirka, Jami'ar Cape Town ta daɗe tana bincike kan ƙirar manhajar waya domin mutanen da intanet da lantarki ba su wadace su ba.

Kada sunan kwas ya ruɗe ka. Buɗe jadawalin darussa ka bi shi layi-layi. Akwai darasin hanyoyin bincike da mutane? Akwai aikin rukuni inda ake gina samfuri a kuma gwada shi da waɗanda ba 'yan aji ba? Akwai ƙididdiga? Kwas ɗin da duk jadawalinsa sunayen manhajojin zane ne, horon sana'a ne na wata uku aka miƙe shi ya zama shekaru. Duba kuma inda malaman sashen suke wallafa bincikensu. Babban taron masana fannin shi ne CHI, wanda ƙungiyar masana kwamfuta ta ACM ke shiryawa tun farkon shekarun 1980, akwai kuma AfriCHI da aka fara a Nairobi a 2016. Idan ka samu ɗan ajin ƙarshe, tambaya ɗaya ta ishe ka: mutum nawa daga waje ka zaunar suka gwada aikinka? Amsar da zai ba ka ta fi duk abin da ke cikin takardar tallar kwas ɗin.

Wanda jami'arsa ba ta da kwas ɗin kada ya karaya. Ɗauki darussan zaɓi daga sashen halayyar ɗan adam da na ƙididdiga, ka nemi malamin da zai yarda ya duba maka aikin kammalawa a wannan fanni. Iya zane ba sharaɗi ba ne. Iya rubuta bayani a sarari, da haƙurin sauraron mutum ba tare da katse shi ba, sun fi shi muhimmanci nesa ba kusa ba.

Shekarar farko: mutum kafin na'ura

Darussan farko za su yi maka kama da na wani fanni daban, domin maganar ido ce da hannu da ƙwaƙwalwa. Kada ka raina su. A 1954 Paul Fitts ya nuna cewa lokacin da hannu ke ɗauka ya kai ga abin da ya nufa ya danganta da nisan abin da kuma girmansa: mai nisa kuma ƙarami ya fi cin lokaci, an fi kuskure shi. Wannan ita ce dokar Fitts, kuma saboda ita ne kamfanin Apple ke ba da shawarar kada wurin taɓawa a waya ya gaza awo 44 a kowane gefe, Google kuma ya ce 48 a ma'auninsa. Ita ce kuma ke nuna maka haɗarin ajiye maɓallin gogewa kafaɗa da kafaɗa da na adanawa.

A 1956 George Miller ya rubuta cewa abin da mutum ke iya riƙewa a ka a lokaci guda bai wuce bakwai ba, a ƙara biyu ko a rage biyu. Binciken da ya biyo baya ya nuna adadin ya ma fi kusa da huɗu. Ɗalibai da yawa sukan fassara wannan a karkace, su ce wai jerin zaɓi a allo kada ya wuce bakwai. Abin da ke gaban ido ai ba riƙe shi ake yi a ka ba. Darasin shi ne kada ka tilasta wa mutum ya haddace lamba a shafi na ɗaya domin ya rubuta ta a shafi na uku. Gane abu idan an gan shi ya fi tuno shi sauƙi, saboda haka a nuna, kada a ce a tuna. Haka batun jira: idan na'ura ta amsa cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, mutum zai ji kamar nan take ne, daƙiƙa ɗaya ba ta katse masa tunani, idan aka doshi daƙiƙa 10 hankalinsa ya tafi, sai an nuna masa cewa ana kan aiki da kuma saura nawa.

Za ka haɗu da Don Norman, wanda littafinsa na 1988 kan ƙirar kayan amfanin yau da kullum kusan kowane kwas ke sa a karanta. Ya ce akwai giɓi biyu tsakanin mutum da na'ura. Na farko: ina son yin abu, ta ina zan bi? Na biyu: na yi, to me ya faru? Giɓi na biyu shi ne ya tsananta hatsarin tashar nukiliya ta Three Mile Island a Amurka a watan Maris na 1979. Wata fitila a allon kula ta sa ma'aikata sun ɗauka wani bawul ya rufe, alhali abin da fitilar ke nunawa kawai shi ne an aika umarnin rufewa. Bawul ɗin ya maƙale a buɗe, ruwan sanyaya injin ya yi ta zuba fiye da awa biyu. Duk manhajar da ta rubuta maka "an aika" alhali saƙon bai bar wayarka ba, irin wannan laifin ta yi.

Hanyar da waɗannan darussa ke zama a kai ita ce ka ware littafin rubutu. Duk ƙa'idar da aka koyar a aji, kafin mako ya ƙare ka nemo inda aka bi ta da inda aka karya ta a cikin wayarka, ko na'urar cirar kuɗi, ko rimot ɗin talabijin. Ɗauki hoto, ka rubuta layi biyu. Kafin ƙarshen zango idonka zai buɗe, kuma ka tara misalan da za ka amsa jarrabawa da su.

Tarihi kuwa ka san ginshiƙansa: manhajar zane ta Sketchpad ta Ivan Sutherland a 1963, nunin da Douglas Engelbart ya yi a San Francisco a 1968 inda duniya ta ga linzamin kwamfuta (mouse), aikin cibiyar Xerox PARC a shekarun 1970, da kwamfutar Macintosh a 1984. Amfaninsa shi ne ka gane tagogin allo da 'yan hotunan da ake dannawa da linzami duk zaɓi ne da wasu mutane suka yi, ana kuma iya yin wani.

Fita ka ga mutane

A 1985 wasu masu bincike biyu na kamfanin IBM, John Gould da Clayton Lewis, suka tattara ƙirar da ke sa mai amfani a gaba cikin ƙa'ida uku: a san masu amfani da ayyukansu tun daga farko, a auna yadda suke aiki da samfurin a zahiri, a kuma yi ta gyarawa ana sake gwadawa. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 9241-210 ma a kan wannan zagaye take tafiya. Faɗinsu da sauƙi. A aikace, ta farkon ce ɗalibai suka fi tsallakewa, domin zama gaban kwamfuta ya fi tunkarar baƙo daɗi.

A ce an ba rukuninku aikin gyara shafin rajistar darussa. Tun a zaman farko wani zai ce, "Ai mu ma ɗalibai ne, mun san matsalar." A nan ake ɓata. Ku ɗaliban kwamfuta ne, kun saba da shafin, kun san lungunansa. Sabuwar ɗalibar da ta shigo jiya ba ta sani ba. Jami'in da ke amincewa da rajistar ɗaruruwan mutane a rana yana da tasa damuwar, haka ɗalibin da ba ya gani. Ku rubuta ire-iren mutanen da abin ya shafa, ku nemi 'yan kaɗan daga kowane rukuni.

Hira da mai amfani tana da dabara, kuma a nan ya kamata ka fi zuba ƙarfinka. Kada ka tambaye shi ko zai so manhajar da ke yin kaza. Zai ce eh, domin ba ya son ya ba ka kunya, kuma babu wanda ya san abin da zai yi da abin da bai taɓa riƙewa ba. Tambaye shi abin da ya riga ya faru. "Ba ni labarin rajistar da kika yi ta ƙarshe. A ina kike zaune? Da waya ko da kwamfuta? Daga nan sai me?" Idan ta ce, "Sai shafin ya ƙi," kada ka wuce. Ka ce, "Ya ƙi kamar yaya? Me kika gani?" Idan ta yi shiru tana tunani, ka bar shirun, abin da ke fitowa bayansa yakan fi na gabansa nauyi. Kalmomin da ta yi amfani da su ka rubuta su yadda ta faɗe su, domin su ne za ka sa a kan maɓallai daga baya maimakon kalmomin injiniyoyi.

Hira kaɗai ba ta isa ba, gani ya kori ji. Roƙe ta ta yi rajistar kana kallo. Za ka iya ganin ta fito da wata takarda da ta rubuta lambobin darussa a kai, domin shafin ba ya nuna suna sai lamba. Da ka tambaye ta matsalolinta ba za ta ambaci takardar ba, don ta saba har ta daina ganinta a matsayin matsala. Irin waɗannan dabarun da mutane ke ƙirƙira don su zagaye gazawar na'ura su ne mafi tsadar abin da za ka samo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba lallai ya san yadda ake gyaran rufi ba. Idan mai amfani ya ce a ƙara maɓalli a nan, ka karɓi kokensa da muhimmanci, ka binciki abin da ya sa ya nema. Mafitar kuma aikinka ce.

Kafin ka zaunar da kowa, sai ka bi ta kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a, ko aƙalla ka samu sahalewar malamin darasin. Mutum zai san me ake bincike, me za a naɗa, wa zai gani, kuma yana da damar tashi a kowane lokaci ba tare da ya ba da dalili ba. A rahoto lamba ake sawa a madadin suna. Amincewar kwamiti takan ɗauki makonni, don haka a fara nemanta da wuri.

Idan kun dawo, ku rubuta kowane abin da kuka gani a kan 'yar takarda guda, ku manna a bango, ku riƙa haɗa masu kama da juna har jigogi su fito da kansu. Za a koya muku ƙirƙirar mutum na misali mai wakiltar rukunin masu amfani, dabarar da Alan Cooper ya yaɗa a ƙarshen shekarun 1990. Tana da amfani idan kowane layi a cikinta ya fito daga bakin wani da kuka yi hira da shi. Wadda aka zauna aka ƙaga a aji, zato ne aka manna wa hoto.

Takarda kafin kwamfuta

Kafin a ƙera PalmPilot, 'yar kwamfutar aljihu da ta fito a 1996, wanda ya ƙirƙiro ta, Jeff Hawkins, ya yanko katako daidai girmanta ya riƙa yawo da shi a aljihun riga. Duk lokacin da zai rubuta alƙawari sai ya fito da katakon ya yi kamar yana dannawa, don ya ga ko zai jure ɗaukar abin, da kuma ayyukan da zai fi bukata. Samfurin gwaji amsar tambaya ake nema da shi, kuma mafi arha da zai amsa tambayar shi ne daidai.

Saboda haka ku fara da biro da takarda. Kowa a rukuni ya zana hanyoyi da dama mabambanta, kada ku ɗauki ta farko da ta zo ku yi ta goge ta. Zanen takarda yana da fa'ida biyu. Ba ka ɓata kwanaki a kansa ba, don haka yaga shi ba zai yi maka ciwo ba. Sannan mai gwadawa yana ganin abu ne da ba a gama ba, sai ya saki baki ya faɗi aibinsa. Idan ka nuna masa allo mai sheƙi, yabon launi zai yi maka. Sai tsarin tafiyar ya tsaya sannan ku koma manhajar zana samfuri irin Figma ko makamanciyarta. Koyi irin waɗannan manhajoji, amma kada ka ɗora darajarka a kansu, domin wadda ake yayi yau ba ita ake yayi shekaru goma da suka wuce ba.

Ana yawan tambaya ko dole ne a iya rubuta manhaja. A ganina ka iya HTML da CSS da JavaScript gwargwadon da za ka gina shafi mai aiki. Wanda ya san abin da ke da wuyar ginawa ya fi iya zama da injiniyoyi a daidaita, ba kuma za a ce masa abu ba zai yiwu ba ya rasa ta cewa.

Zaman gwaji

Wannan ne zuciyar karatun, kuma ba a iya shi ta karatu sai ta yi. Za ka rubuta ayyuka uku ko huɗu da mutum zai yi, cikin harshen bukatarsa, ba tare da ka tona masa sunan maɓalli ba. Kada ka ce, "Shiga sashen sauya darasi." Ka ce, "Kin gano darussa biyu da kika zaɓa sun yi karo ranar Talata. Ki gyara." A farkon zama ka gaya wa ɗalibar da za ta gwada ƙarara cewa samfurin ake gwadawa, ba ita ba, duk inda ta rikice taimako ta yi. Ka roƙe ta ta riƙa faɗin abin da ke ranta a bayyane yayin da take aiki. Mutum ɗaya ya jagoranci zaman, ɗaya ya rubuta, idan samfurin takarda ne na uku ya zama kwamfuta: duk inda ta taɓa, ya ɗora mata takardar da za ta biyo baya, bakinsa a rufe.

Ga abin da zai faru. Za ta dubi takardar, yatsanta ya yi shawagi a sama, ya wuce ta kan maɓallin da kuka yi kwana biyu kuna gardama a kansa, ya sauka a wani wuri. Ta koma baya. Ta sake dubawa. Ta ɗago ta ce maka, "Nan zan danna?" Duk jikinka zai so ya ce a'a, ga shi can a sama. Idan ka faɗa, ka zubar da abin da ka zo nema. Amsar ita ce, "Me kike tsammanin zai faru idan kika danna nan?" Abin da za ta faɗa shi ne hoton shafin da ke cikin kanta, kuma tazarar da ke tsakaninsa da naku ita ce matsalar da za ku gyara. Mai rubutu ya rubuta abin da ta yi da abin da ta ce, kamar "ta nemi sauyawa a cikin jerin darussanta, ta yi kusan minti ɗaya," ya bar fassara sai an tashi. Idan ta fara takura sosai, ka gode mata ku wuce aiki na gaba. Ba a barin mutum cikin ƙunci don a cika takarda.

Jakob Nielsen, masani kan sauƙin amfani da manhaja, ya shahara da cewa mutum biyar sukan tono kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin amfani. Ɗalibai sun riƙe lambar sun manta sharuɗɗanta. Biyar ɗin daga rukuni ɗaya ne na masu amfani, don gano matsaloli ne, kuma manufar ita ce a yi ƙananan gwaje-gwaje da yawa: biyar, a gyara, wasu biyar, a sake gyarawa. Idan kana son ka ce tsari na biyu ya fi na farko sauri, wannan magana ce ta ƙididdiga, tana bukatar mutum ashirin zuwa sama. Akwai kuma ƙa'idoji goma da Nielsen ya fitar a 1994 waɗanda masana ke bin fuskar manhaja da su ba tare da mai amfani ba. Ku yi wannan kafin gwaji don share kurakuran da ke fili, amma ba ya maye gurbin zama da mutum.

Idan aka zo awo, ISO 9241-11 ta ba ka abu uku: shin mutum ya cim ma abin da ya nufa, da wane ƙoƙari da lokaci, kuma ya gamsu? Na ƙarshen akan auna shi da SUS, jerin jimloli goma da John Brooke ya tsara a 1986, mai ba da maki daga 0 zuwa 100. Makin ba kaso cikin ɗari ba ne, matsakaicinsa kuma yana wajen 68, don haka wanda ya samu 70 bai yi abin a zo a gani ba. Riƙe darasin ƙididdiga da kyau, ka koyi harshen kwamfuta na R ko Python. Ka san abin da ya sa ake sauya jerin da mahalarta ke gwada tsari biyu: idan kowa ya fara da na farko, zai zo na biyu ya riga ya koyi aikin, sai ka ɗauka tsarin ne ya fi.

Waɗanda ake mantawa da su

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3, kimanin kashi 16 cikin ɗari na al'ummar duniya, suna rayuwa da wata babbar nakasa. Ƙa'idojin WCAG, waɗanda sigarsu ta 2.2 ta fito a 2023, su ne ma'aunin da ake bi wajen sauƙaƙa wa masu nakasa amfani da shafukan intanet: kowane hoto ya samu bayanin rubutu, komai ya yiwu da allon madannai kaɗai, bambancin hasken rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1, kada launi kaɗai ya ɗauki ma'ana domin akwai masu kasa bambance ja da kore. Karanta su ba zai taɓa ka ba kamar gwadawa. Kunna manhajar da ke karanta allo da murya, TalkBack ko VoiceOver a wayarka, ko NVDA a kwamfuta, ka kawar da idonka daga allo, ka yi ƙoƙarin cika fom ɗin da ka zana. Idan muryar ta yi ta cewa "maɓalli, maɓalli, maɓalli" ba suna, ka ga abin da makaho ke fuskanta kullum. Bayan haka sai ka nemi masu amfani da waɗannan manhajoji a rayuwarsu su gwada, domin ƙwarewarsu daban ce da taka ta rabin awa. Ka tuna kuma da wanda karatunsa bai yi nisa ba, da mai tsohuwar waya, da harsunan da ake rubutawa daga dama zuwa hagu.

Ilimin da ke sauƙaƙa wa mutum hanya, shi ne kuma ake iya yaudararsa da shi. A 2010 Harry Brignull ya fara tattara irin waɗannan dabaru na ha'inci: shiga da dannawa ɗaya amma fita sai an sha wuya, akwatin amincewa da aka riga aka cika maka, kuɗin da ba ya bayyana sai a shafin ƙarshe. Wata rana a wurin aiki za a nemi ka zana irinsu, a kira shi ƙara ciniki. Gara ka yanke matsayarka tun kana ɗalibi, ka kuma koyi kare ta da hujja.

Aikin kammalawa da kundin ayyuka

Wajen zaɓen batu, fara da tambayar su wa za ka iya samu. Batu mai burgewa game da likitocin tiyata ba shi da amfani idan babu likitan da zai ba ka minti talatin. Ƙaramar matsala ta mutanen da za ka iya komawa wurinsu sau uku ta fi. Raba lokacinka ta yadda za a yi zagayen gwaji aƙalla biyu, ka sa ranar na farko tun kafin ka ji ka shirya. Idan batun ya shafi ƙirƙirarriyar basira, tambayoyin fannin suna nan daram: mutum ya san abin da na'urar ke iyawa da abin da ba ta iyawa? Idan ta yi kuskure, ta yaya zai gane, ta yaya zai gyara? A rahoto ka faɗi iyakar bincikenka da gaskiya, wa ka gwada da wa ba ka samu ba. Masu jarrabawa sun fi ganin girman wannan a kan iƙirarin da ya fi ƙarfin hujjarsa.

Tun daga shekarar farko ka riƙa adana komai: zanen da aka yaga, hoton bangon takardu, bayanan gwaji da aka cire sunaye. Su ne za su zama kundin ayyukanka, wanda masu ɗaukar aiki a wannan fanni sukan duba kafin sakamakon jarrabawa. Ayyuka uku da aka bayyana da kyau sun isa. Kowanne ya nuna matsalar, wa ka yi magana da su, me ka zata da farko, me gwaji ya nuna, me ka sauya saboda haka. Idan aikin rukuni ne, ka fayyace wane ɓangare ne naka. Nemi horon sanin makamar aiki ko da na hutu ɗaya ne, a wurin da za ka ga yadda ake sasanta bukatar mai amfani da ƙarancin lokaci da kuɗi. Daga nan hanya takan rabu: mai binciken masu amfani, mai ƙirar fuskar manhaja, ƙwararre kan sauƙaƙa amfani ga masu bukata ta musamman, ko digirin digirgir. Mai son na ƙarshen ya nemi shiga ɗakin binciken wani malami tun a aji uku, ko da aikin da za a fara ba shi rubuta hirarrakin da aka naɗa ne, ya kuma sa ido a kan sashen ayyukan ɗalibai na taron CHI da na AfriCHI, inda ake karɓar gajerun rubuce-rubuce daga waɗanda ba su gama digiri ba.